Kwaɗon da Na Sa wa Firjin Tuffa

Hafsa, Umar, da kai Sadiku autana, na san abin da ake faɗa a dangi, kada ku ɗauka ban sani ba. Duk taron biki ko na suna, idan an ci an ƙoshi an miƙe ƙafa, sai an sami wadda za ta tuna wa jama'a cewa Sa'adatu ce ta garƙame wa uwarta firji da kwaɗo a ƙasar Maleshiya. Gwaggonku Lami takan ƙara da cewa har da sarƙa. To, a nan kam ba ta yi mini ƙarya ba, akwai sarƙa. Amma Lami ba ta wurin. Ku biyun manya kuna Kano a hannunta, Sadiku kuwa a ranar aka raɗa masa suna, bai san abin da duniya take ciki ba. Ni nake wurin, ni na riƙe mabuɗin, saboda haka ku ji daga bakina tun idona yana ganin layin takarda.

A shekarar ina Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku a kan adana 'ya'yan itace, babanku ma yana nasa karatun a wata jami'ar. Gwamnati ce ta ɗauki nauyina, jami'ar da nake koyarwa a gida kuma ta ba ni hutun karatu mai wa'adi. Wa'adin ya taɓa cika aka ƙara mini, aka kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa ba za a sake ƙarawa ba. Ko in dawo da digiri, ko in dawo haka nan in yi wa hukuma bayani. Abin da ya rage mini gwaji ɗaya ne, a kan tuffa. Mutanen ƙasashen sanyi sukan tsinke tuffarsu da kaka, su naɗe kowace a takarda, su jera a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su yi ta ci har hunturu ya wuce. Mu kuwa manomanmu na Mambila da Jos suna ji suna gani tasu take yamushewa kafin ta ga kasuwar kirki. Tuffa ko an raba ta da bishiya tana ci gaba da numfashi tana zubar da ruwan jikinta, idan ka rage mata numfashin ka rage mata tsufa. Ni kuma na kafe a kan cewa ƙaro zai iya wannan aiki, ƙaron nan namu da ake sa wa tawada da wankin hula. A narka shi a ruwa, a tsoma tuffa, ta sha iska, a sa ta a sanyi, a bar ta wata da watanni. Duk shekarun da na yi a can a kan wannan magana suka tafi.

Tuffar gwajin ba ta kanti ba ce. Maleshiya zafi ne da ruwan sama shekara zagaye, ba a nomanta a can. Daga gona ɗaya aka yo mana odarta a wata ƙasa mai sanyi, tsinkar rana ɗaya, ba a shafa mata komai ba, aka sako ta a jirgin sama. Gonar sau ɗaya take 'ya'ya a shekara. Idan wannan ta lalace sai baɗi, ni kuwa ba ni da baɗi. Kowace tana da lambarta manne a gindi, an kasa su rukuni-rukuni, wasu da ƙaro mai kauri, wasu da tsinkakke, wasu ba komai a jikinsu. Sau ɗaya a mako ake buɗewa a auna nauyinsu, a ɗauki waɗanda za a yanka, a rufe da sauri.

Ina da tsohon ciki ɗakin sanyin sashenmu ya lalace, aka ce gyaransa sai an jira kaya daga waje. Farfesar da ke duba aikina, wata 'yar ƙasar mai kirki amma ba ta son dogon zance, ta nemo mini firji irin na masu sayar da lemo, dogo mai ƙofar gilashi. Ta sa hannu aka kai mini shi gida a unguwar Bukit Jalil, tunda hawa jirgin ƙasa kullum ya fara fin ƙarfina. Masu ɗauko shi suka gwada ƙofar kicin, ya ƙi shiga. Suka gwada ta ɗakin kwana, ya ƙi. Suka ajiye shi a falo daidai saitin ƙofar shigowa, suka goge gumi suka kama gabansu. Duk wanda ya yi sallama a gidanmu, kafin ya ga fuskar masu gida sai ya ga tuffa jere reras daga sama har ƙasa, jajaye, ƙaro ya sa suna sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. A ranar ban ga aibin haka ba, hankalina yana kan ma'aunin sanyi.

Sai Inna ta zo yi mini wankan jego.

Ku kun san kakarku da tsufanta, ba ku san ta da ƙarfinta ba. A gidanmu na Haɗeja ba a taɓa ɗora tukunya daidai bakin mutanen gida ba, kullum da rabon wanda ba a san da zuwansa ba. Idan baƙo ya kalli abu sau biyu ya zama nasa. Na ga ranar da ta cire mayafi daga kafaɗarta ta ba wata mata don kawai ta ce ya yi kyau. Ba neman suna take ba, haka Allah ya yi ta. A wurinta, abinci a gaban baƙo ba a ce masa bismilla ba, daidai yake da an zage shi. Ga kuma abu na biyu, ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Waccan” nake, bayan na yi aure na koma “masu gida”. Ba ta zama kusa da ni, ba ta kallon idona, magana idan ta zama dole sai ta jefa ta a iska in tsinta. Kunya ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba, ai ita ce ta shiga kasuwa da ƙafarta ta zaɓo mini ƙaron gwajin, ta tsince shi tsaf ta aiko mini. Amma ku duba ku gani: a gida ɗaya ga uwar da ba ta yi wa 'yarta magana kai tsaye, ga surukin da ba ya iya ɗaga kai a gabanta, ga kuma firji.

Ta iso saura kwanaki in haihu, da ƙulle-ƙullenta na kanwa da gero da yaji da daddawa. Ta zauna a falo ta huta, ta daɗe tana kallon firjin, sannan ta ce da bango:

“Ashe masu gida sana'a suka kama a nan.”

Na ce, “Inna, ba sayarwa ake ba. Gwajin makaranta nake yi da ita. Ba a ci, ba a ma buɗewa.”

“Uhm. Ikon Allah. Mu dai allo muka sani.”

Na ɗauka ta ji. Ta ji ɗin, amma irin jin da ake yi wa yaro idan ya ce kada a taɓa masa motar langa-langarsa.

Haihuwar ta zo da 'yar gardama, aka riƙe ni a asibiti. Kun san mutanenmu a can, ba mu da yawa, amma da an ce wance ta sauka, daga Serdang, daga Gombak, daga ko'ina sai mata su hau jirgin ƙasa da yaransu su taho barka. Ba su same ni ba, suka sami Inna a gida. Ranar da aka sallame ni na shigo da jariri a kafaɗa, ko takalmi ban cire ba idona ya sauka a kan firjin. Layin tsakiya ya yi giɓi kamar bakin yaro mai famfara. Na miƙa wa babanku jaririn, na durƙusa a gaban gilashin da ciwon jikina ina bin lambobin da ido. Daga rukunin ƙaro mai kauri aka ɗiba, domin su suka fi sheƙi, Inna kuwa ba ta ba baƙo abu sai mafi kyau. Ta karɓi jikanta, ta ɗora shi a cinya, daga ranar kuma ta sami wanda za ta riƙa aikowa gare ni.

“Maigida, sannu da zuwa. Ka ga uwarka ko zama ba ta yi ba ta tafi gaishe da tuffa.”

Na ce, “Inna, wa ya buɗe?”

“Maigida, gaya mata yara ne suka zo da iyayensu, suka tsaya suna lasar gilashi. Ni ban iya kallon wannan ba. 'Yan ƙwarori ne na ɗauka, ga shi nan dai firji a cike.”

Na shiga ɗaki na rufo ƙofa na kira Farfesa. Ta sa na karanto mata lambobin da suka ɓata. Sannan ta ce:

“Rarar da muka ajiye saboda tsautsayi ita ce ta tafi. Yanzu ba ki da rara. Idan aka sake ɗaukar ko ɗaya daga rukunin nan, sakamakon ba zai tsaya a gaban masu jarrabawa ba, ni kuma ba zan sa hannu a kansa ba. Ki kula da shi.”

Na ajiye wayar. Ga suna yana tafe, ranar da falon nan zai cika maƙil da mata da yara.

Ba wanda zai ce ban gwada lalama ba. Kullum da safe Inna takan dafa ruwan wanka a babbar tukunya da ganyen darbejiya, wanda babanku yake zuwa har Brickfields ya sayo wurin Indiyawa. A banɗaki, tana fyaɗa mini ganyen da tafasasshen ruwa, nan ne kawai muke kusa da juna, nan kuma na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce idan tuffar nan ta sake raguwa shekaruna sun tafi a banza, za a mayar da ni gida ba digiri, in kalli idon mutane. Ta ci gaba da fyaɗa mini ganye a baya. Da ta gama sai ta ce, kamar da bokiti take:

“Allah ya kyauta. Ilimin da tuffa ɗaya za ta rushe shi.”

Na aiki babanku kanti ya sayo kwali guda na tuffa, na wanke na zuba a babban faranti a tsakiyar falo, na ce a raina magana ta ƙare. Inna ta kalli farantin, ta kalli firjin. Na kantin ƙanana ne, wasu da tabo, kusa da nawa sai suka zama abin tausayi. Ta ce wa jariri a gidansu ba a ba baƙo na baya alhali yana kallon na gaba, gara ma a hana shi gaba ɗaya. Na manna wa gilashin tsofaffin jaridu. Kafin azahar ta ɓamɓare su, wai mutane za su ce ɓoye musu ake yi, wannan kuma ya fi komai muni. Da na rasa yadda zan yi sai na koma kan babanku, mutumin da idan Inna tana falo sai ya rage tsawo ya bi jikin bango zai wuce.

Ya ce, “Ni? Ni zan tsaya a gaban Inna in ce kada ta taɓa abu a gidan nan? Haba Sa'a. Ki ce mata akwai magani a jiki, mai cutarwa.”

“Ita ta sayo ƙaron, Malam. Ta san abin da ke jiki.”

“To ki bari a wuce suna mana. Ƙila Allah ya rufa asiri.”

Haka babanku yake, Allah ya ƙara masa lafiya, duk abin da ya fi ƙarfinsa sai ya jingina shi da ƙila. Ni kuwa ba zan iya ɗora shekaruna a kan ƙila ba. Jajibirin suna na ce ya sauka shagon kayan ƙarfe da ke ƙasan benenmu ya sayo mini sarƙa da kwaɗo. Ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni ko na yi tunani. Na ce tunanin ne ya hana ni cin abinci. Ya je ya sayo, ya ajiye mini ledar a kan gado. Ranar suna da safe, maza suna masallaci ana raɗa wa Sadiku suna, Inna tana kicin tana fama da waina, na zura sarƙar ta mariƙin ƙofar, na zagayo da ita ta bayan firjin, na datse. Na yafa wa mariƙin ɗan tawul don kada kwaɗon ya fito fili. Mabuɗin na ƙulle shi a bakin zanina. Na yi niyyar gaya mata kafin baƙi su zo, har na je ƙofar kicin. Sai na ga bayanta, gumi ya jiƙa mata riga, tana juya waina saboda sunan ɗana a ƙasar da ba ta jin yarenta. Sai na juyo.

Da rana falo ya cika. Atamfa da leshi, ƙamshin turaren wuta da na miyar taushe, yara suna guje-guje suna faɗa da juna da Turanci da yaren Malay. Inna tana tsakiya, ranar ranarta ce, wannan ta ƙara mata nama, waccan ta ce ba ta ci komai ba ta sake zuba mata. Matan nan da suka daɗe ba su ga tsohuwar gida ba suka kewaye ta, kowa Inna, Inna. Ni ina kan kujera da lallena da sabon ɗinkina, ana yi mini barka ina amsawa, amma rabin idona yana kan tawul ɗin nan. Duk yaron da ya doshi firjin sai in bi shi da ido har uwarsa ta janye shi. Farantin tuffar kanti ya ƙare aka sake cika shi. Aka yi la'asar, wasu har sun fara neman takalma. Na fara cewa a raina ashe ƙilar babanku za ta yi rana.

A cikin baƙin akwai Zulai, matar wani ɗalibi ɗan Katsina, yarinya ƙarama da cikinta na fari. Tun da ta zo take zaune a gefe ba ta taɓa komai ba, Inna kuwa irin wannan ba ya wuce ta.

“'Yar nan, ba ki ci komai ba. Me ranki yake so?”

Zulai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. “Wallahi Inna ba na iya cin komai kwana biyun nan, ko ƙamshin mai ba na so. Amma tun da na shigo idona yake kan apul ɗin can masu sanyi. Anti Sa'a, ɗaya kawai, boleh, an yarda?”

Ba laifinta ba ne, ba ta sani ba. Mata suka sa dariya, wata ta ce ai mai ciki ba a hana ta. Inna ta dafa gwiwa ta miƙe. Na ce, Inna, bari a sa mata na faranti a ruwan ƙanƙara, yanzu zai yi sanyi. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane, ta kai hannu ta kama mariƙin. Tawul ya zame ƙasa, sarƙar ta yi ƙara. Ta ja, ta sake ja. Falon ya yi tsit, har gurnanin injin firjin ana ji. Ta daɗe tana kallon kwaɗon. Sannan ta juyo ta kalle ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Sa'adatu.”

Na haura shekara arba'in a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Tun ina yarinya nakan kwanta in yi ta kwatanta yadda zai fito idan ta faɗe shi. Ban taɓa kawo wa raina a haka zan ji shi ba.

“Sa'adatu, ba ni mabuɗin.”

Mabuɗin yana ƙuguna, ina jin tudunsa. Abu ne mai sauƙi. In kwance, in miƙa, ta ɗauki ɗaya, na kuma san daga layin da za ta ɗauka, a yi dariya a watse, ni kuma in haɗa kayana in dawo gida. Ba digirin na tuna ba a lokacin, ku na tuna. Hafsa, kin fara zama budurwa ba na nan. Umar, an yi maka kaciya a waya aka gaya mini, na yi kukana ni kaɗai a tashar jirgi. Na ce a raina, idan na miƙa mabuɗin nan, to saboda me na bar yaran nan a hannun wata? Wallahi ina son Inna, ina kuma jin tsoronta. Na sauko daga kujera na durƙusa.

“Inna, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

“A gaban mutane?”

“Ki yi mini rai, Inna. Ba zan iya ba.”

Zulai ta fashe da kuka tana cewa Anti na fasa, wallahi wasa nake. Ba wanda ya kula ta. Inna ta saki mariƙin a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki tawul ɗin, ta kakkaɓe, ta mayar da shi kan sarƙar ta rufe yadda ta same shi. Ta je gaban Zulai, ta zare zoben azurfar da ke yatsarta tun kafin a haife ni, ta kama hannun yarinyar ta sa mata.

“Riƙe wannan, 'yar nan. Ki yafe mana.”

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Mata suka fara tattara yaransu, kowa da uzurinta, wainar da aka ƙulla musu a leda ma wasu a nan suka bar ta. Kafin magariba falo ya watse, daga ni sai jariri sai firji.

Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce a kai ta filin jirgi. Da ta yi haka da na fi samun sauƙi. Washegari da safe na tarar da ruwan wanka ya tafasa, ganye yana ciki. Ta yi mini arba'in ɗina cif, wanka safe da yamma, kunun kanwa, gashi, ba abin da ta rage. Amma daga ranar ba ta sake buɗe ƙofar komai a gidan ba, ko firjin kicin, ko kabad ɗin kwanuka. Sai ta tsaya a gabansa da jariri a hannu ta ce, “Maigida, tambayi masu gida ko an yarda a ɗauki nono.” Na durƙusa na ba ta haƙuri har na rasa kalmar da ban faɗa ba. Na ce gidanki ne, Inna, wancan ɗin ne kawai ba nawa ba, amana ce. Ta ce wa jariri ba komai, kowa da tsarin gidansa. Sunana kuwa ba ta sake faɗarsa ba. Da kwanakin suka cika babanku ya raka ta filin jirgi, ya dawo ya ce har suka isa ba abin da ta ce sai addu'a ga Sadiku.

Tuffa ta ci gaba da zamanta a sanyi. Duk mako in kwance sarƙa, in auna, in mayar, ko da yake ba sauran wanda zai taɓa, domin matan nan sun ɗauke ƙafa daga gidana na tsawon lokaci. Da watannin suka cika, waɗanda ba a sa wa komai ba sun yamushe sun yi laushi, masu ƙaro mai kauri kuwa wuƙa tana shiga suna ƙara kamar jiya aka tsinko su. Farfesa ta yanka ɗaya, ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta sa hannu. Na tsaya a gaban masu jarrabawa na fita lafiya, na dawo muku da abin da na je nema. Aikin ya yi amfani daidai gwargwado, akwai manoman da suke yi, ko da yake ba su kai yawan da na yi mafarki ba.

Ban rubuta wannan don in ce na yi kuskure ba. Da za a mayar da ni ranar, da na sake datsewa. Ban kuma rubuta don in ce Inna ta yi laifi ba, abin da ta yi shi ta yi duk tsawon rayuwarta mutane suna sa mata albarka. Masu cewa rowa ce su ci gaba, bakinsu ne. Abin da nake so ku sani shi ne ba kyauta na sami digirin nan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shekaru bayan mun dawo, ciwon ƙafa ya kawo ta gidana a Kano ganin likita, za ku tuna zamanta na ƙarshe a wurinmu. Wata rana da bazara, ana tsananin zafi, kun fita kowa da inda ya nufa, ni kuma ina da taro a jami'a. Da safe na dama mata fura da nono, a gabanta na sa a firji, na fita da sauri ban ce komai ba. Taron ya riƙe ni har bayan la'asar. Na dawo na same ta a kan tabarma a gindin firjin, idan ta miƙa hannu za ta taɓa shi, tana jan carbi, leɓɓanta sun bushe sun yi fari.

“Inna! Ba ki sha furar ba? Ai a gabanki na sa ta. Taki ce!”

Ba fushi a fuskarta, ba gatse a muryarta. Ta kalli ƙofar firjin ta ce:

“Ban sani ba ko ta karatu ce.”

Na buɗe na ɗauko mata, na zauna a ƙasa ina kallonta tana sha, ina neman abin da zan ce mata. Har ta koma ga Allah ban samo shi ba.